Kalmar da Aka Karanta a Kan Gawar Iliya

Sabon Gari, Kano
Litinin ta makon Fentikos

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya sa motar da za ki shiga gobe ta sauke ki a Jos lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da za ki fara aikin likita, ya kuma tsare fitarki da shigarki. Bango ɗaya ne ya raba ɗakinki da nawa, amma tun ranar jana'iza maganarmu ba ta wuce "ina kwana" ba. Shi ya sa na koma ga alƙalami, wanda na fi iya sarrafawa a kan harshena.

Zan fara da abin da ya faru, domin ana ta sauya masa kama a gari, kuma ina so ki tafi da shi yadda yake.

Ranar Alhamis ta makon Ista, bayan la'asar, yayanki Iliya ya taso a kan babur daga makarantar da yake koyarwa a Fagge. Ya biya ta Kasuwar Singa ya sayo wa mamanki sabulu da man gyaɗa. Kafin ya shigo Sabon Gari sai jiniya ta taso daga bayansa, ayarin wani babban mutum ne. Ya ratse gefe, ya kashe babur, ya sa ƙafa a ƙasa, kamar yadda kowa ya yi. Motocin suka wuce. Ta ƙarshe, mai ɗauke da masu tsaro, an bar ta a baya, sai ta fito daga hannunta don ta cim musu, ta hau gefen titi, ta take shi a inda yake tsaye. Ba ta tsaya ba. Alhaji Sani, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda bai taɓa saninmu ba, shi ya ɗauke shi a motarsa. Iliya ya cika kafin su isa asibiti. Muka binne shi ranar Asabar.

A wurin sujadar jana'iza, Rabaran ya hau mumbari ya buɗe ɗan littafin nan mai shuɗin bango. Ya karanta cewa wajibi ne talakawa su bi sarakunansu, nagari ne ko mugaye, kuma talaka ba shi da makami sai addu'a da hawaye. Kika miƙe, kika bi ta tsakiyar majami'a kika fita, ƙarar takalminki kaɗai ake ji. Ni ban motsa ba. Da muka dawo gida kika tsaya a ƙofar falo kika ce, "Baba, rubutunka ne. Sunanka ne a bango. A kan gawar Yaya aka karanta shi, kana zaune." Sannan kika rantse ke da coci har abada.

Wannan rantsuwar ita ce dalilin wasiƙar nan. An raba ni da ɗa ɗaya a kan titi. Ba zan zuba ido a raba ni da ta biyu daga kan mumbari ba, da kalmomin da ni na jera.

Gaskiya kika faɗa, fassarata ce. Bari in gaya miki asalinta, tun da ban taɓa zaunar da ku na yi hakan ba.

Fiye da shekaru ɗari huɗu da suka wuce, a ƙasar Ingila, masu mulki suka ga yawancin limaman ƙauye ba su da ilimin tsara wa'azi, kuma ba su amince da abin da zai fito daga bakinsu ba. Sai aka sa manyan malamai suka rubuta wa'azuzzuka, aka buga, aka umarci kowane limami ya riƙa karanta su ga jama'a ranar Lahadi. Akwai na addu'a, akwai na sadaka, akwai na gyaran majami'a da tsabtace ta. Akwai kuma na biyayya ga sarki, wanda ya koyar da cewa mugun sarki horo ne daga Allah saboda zunubin jama'a, tawaye kuwa uwar zunubai ce. Ki lura da wannan: fada ce ta ba da umarnin a rubuta, fada ce ta ba da umarnin a karanta. Mai wa'azi ya buɗe baki, amma muryar ta fito ne daga gidan sarauta. Na san haka sarai, domin a kansu na yi digirina na uku. Na shekara ina shaƙar ƙurar tsoffin takardu a ƙasar sanyi, na dawo ina jin babu wanda ya kai ni sanin su daga nan har bakin teku.

Da na dawo, makarantar horar da fastoci ta ƙasarmu ta Zazzau ta roƙe ni in mayar da kaɗan daga cikinsu Hausa. A nan na yi kuskurena na farko, kuma a kan kalma ɗaya ne.

Kalmar da Turawan suka yi amfani da ita tana nufin duk wanda ke ƙarƙashin sarki. Attajiri yana ciki, alƙali yana ciki, babban limami da shugaban mayaƙa suna ciki, har ɗan'uwan sarki. Na duba ƙamus, na ga a tsohuwar Hausar sarauta wanda sarki ke mulka shi ne talaka. Na rubuta talaka. Mamanki, lokacin tana goyon Iliya, ita ke karanta mini abin da na rubuta da babbar murya don in ji daɗinsa a kunne. Da ta zo wurin sai ta ajiye takardar.

Ta ce, "Malam, wa za a karanta wa wannan?"

Na ce ɗalibai.

Ta ce, "Su kuma ɗaliban in sun zama fastoci fa? In ka ce talaka a gaban mutanen layinmu, kowa takalminsa zai duba. Mai mota zai gyara zama ya ce ba da shi ake ba."

Na ce mata ƙamus ya goyi bayana.

Ta ce, "To, ƙamus ɗin ne zai zo coci ranar Lahadi?"

Na yi dariya, na bar kalmar yadda take. Ranar Asabar ɗin can na ji ta da kunnen mutanen layinmu. A sahun gaba akwai wakilan babban mutumin nan cikin manyan riguna, suna gyaɗa kai. A baya akwai malaman makarantar su Iliya da matan unguwa, sun sunkuyar da nasu. Wa'azin da aka rubuta don ya ɗaure kowa a ƙarƙashin doka ɗaya, ni na mayar da shi igiyar da ke ɗaure marar galihu ta saki mai shi. Rabaran kuma ya san wace igiya ya ɗauko. Ɗalibina ne, na koya masa tarihin, ba zai ce bai sani ba.

Saboda haka, Rifkatu, ki riƙe wannan. Ma'anar kalma tana kunnen mai saurare. Za ki yi magana da marasa lafiya waɗanda za su ɗauki abin da kika faɗa kamar hukunci. Kafin ki furta, ki tambayi kanki yadda zai sauka a kunnen wadda ke zaune a gabanki. Kuma duk ranar da aka karanta miki wani abu da sunan Allah, kina da 'yancin tambayar wanda ya rubuta shi, da wanda ya sa a rubuta, da wanda ya ci riba da aka zaɓi karanta shi a wannan rana. Wannan tambaya ba saɓo ba ce.

Kuskure na biyu ya fi na farko nauyi, domin ban yi shi cikin rashin sani ba. Masu wa'azin Ingila na dā ba duka bakinsu ɗaya ba. Tun kafin a ƙirƙiro injin buga littafi akwai waɗanda suka koyar da cewa sarkin da bai tsare gwauruwa da maraya ba ya zubar da sunan sarautarsa. Daga baya aka sami waɗanda suka tsaya a gaban sarki da fadawansa suka yi wa'azi a kan alƙalai masu cin hanci, da masu ƙararrakin da ake ta yi wa "je ka dawo" har su mutu. Wasu sun ƙare a kurkuku, wasu an ƙone su da ransu, saboda abin da suka ƙi janyewa. Kai, ko wa'azin biyayyar nan mai tsanani ya yarda da abu guda: idan mai mulki ya umarce ka da abin da Allah ya hana, ba za ka aikata ba, sai dai ka ɗauki wahalar ƙin. Duk wannan na sani. Amma zamanin mulkin soja ne, ni kuma ma'aikacin gwamnati ne mai ƙaramin yaro. Shugaban makarantar ya ce littafin kada ya yi kauri. Na ji daɗin wannan uzuri. Na fassara haƙƙin sarki a kan jama'a, na bar haƙƙin jama'a a kan sarki a cikin akwati. Rabin wa'azi na ba fastocin ƙasar nan, kuma rabin da ya fi daɗi ga fada.

Ga amfanin rabin da na bari. Ba ki nan ranar da suka zo gidan nan, washegarin rasuwar, kina wurin karɓo gawa. Wakilin babban mutumin ne, da Rabaran, da dattawan ikkilisiya biyu. Wakilin ya yi ta'aziyya mai tsawo. Ya ce mai girma ya ji zafin abin ƙwarai. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Sai dai Baba, rahoton da ya iso mana shi ne yaron ne ya ratso gaban mota."

Na ce, "Wa ya kawo rahoton?"

Ya ce ai ba a tone-tone a gidan makoki. Ya ce mai girma ya lura rufin majami'armu ya daɗe yana yoyo, ya ɗauki alkawarin sabunta shi gaba ɗaya don tunawa da marigayi. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Allah ya saka da alheri." A falona, Rifkatu. Gawar yayanki ba ta ma iso gida ba.

Na ce musu na ji. Na raka su ƙofa. Rabaran ya dawo shi kaɗai, ya riƙe hannuna ya ce, "Baba Malam, ka fi ni sani. Mu tsiraru ne a garin nan. Ranar da hankali ya tashi, wa zai turo mana masu tsaro ƙofar coci? Ka yi haƙuri saboda ikkilisiya."

Ba zan raina tsoronsa ba. Na zauna a Sabon Gari a ranakun da muka kulle ƙofa muna sauraron titi, na san abin da yake nufi. Amma abin da ake nema a gare ni ya wuce haƙuri. Haƙuri shi ne in bar ramuwa ga Allah, kuma na bar masa. Su suna so in yarda a ce ɗana, wanda ya kashe babur ya sa ƙafa a ƙasa, shi ya kashe kansa da ganganci. Wannan shaidar zur ce a kan mamaci. Babu wani mai wa'azi a Ingila ta dā, ko mafi kusa da fada a cikinsu, da ya taɓa cewa biyayya ta haɗa da shaidar zur. Rabaran ya ɗauki tsohon wa'azi ya kai shi inda masu shi ma suka ji kunyar kaiwa. Kuma ya yi hakan a kan kwanon rufi.

Alhaji Sani ya zo gaisuwa daga baya. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a tabarma tare da sauran masu gaisuwa. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "Malam, a tsaye yake. Wallahi a tsaye yake, ƙafarsa a ƙasa. An zo har shago an ce in manta, na ce mantuwa ba a sayar da ita a Kwari. Duk inda za a je, ka kira ni." Mutumin da ba addininmu ɗaya ba, mai shagon da za a iya rufe masa gobe. Na tsaya ina kallon bayansa, ina tuna dattijon da muka ci Jibin Ubangiji, gurasar tarayya a coci, tare shekara da shekaru yana cewa Allah ya saka da alheri.

Shawarata a nan gajeriya ce, kuma za ki buƙace ta da wuri fiye da yadda kike zato. Wata rana za a kawo miki gawa, wani mai muƙami ya tsaya a kanki ya faɗa miki abin da yake so ki rubuta a matsayin sanadin mutuwa. Ki miƙe ki gaishe shi. Ki ba shi kujera. Ki rubuta abin da idonki ya gani. Ki bi doka, ki biya haraji, ki yi wa masu mulki addu'a da zuciya ɗaya, in kin ji jiniya ki ratse, i, ko bayan abin da ya faru. Kada ki ɗauki dutse, kada ki shiga taron da ke ƙona kayan mutane, domin a wannan tsoffin masu wa'azin sun yi gaskiya, wutar tarzoma gidan marar ƙarfi take fara ci. Haƙƙin hukuma a kanki ke nan, kuma yana da yawa. Amma bai kai ga harshenki ba.

Akwai wani abu da ke dawo mini tun rasuwar. Iliya yana aji huɗu na firamare, shugaban makarantarsu ya zane shi a kan tagar da ba shi ya fasa ba. Ya dawo da shatar bulala yana rantsuwa. Na san gaskiya yake faɗa, yaron bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ke tona shi. Duk da haka na kama hannunsa na mayar da shi, na sa ya durƙusa ya ba da haƙuri. A hanya na ce masa bin na gaba bin Allah ne. Bai sake kawo mini ƙarar kowa ba har ya girma. Yakan yi mini ba'a in na aike shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, talakanka ya ji." Muna dariya. Na ɗauka tarbiyya na ba shi. Yanzu ina ganin abin da na koya masa a ranar shi ne cewa in babba ya yi kuskure, ƙarami ne zai nemi gafara. Idan Allah ya ba ki 'ya'ya, ki koya musu durƙusawa su gaida na gaba, wannan adonmu ne. Amma kada ki taɓa sa yaro ya amsa laifin da bai yi ba don babba ya huta da kunya.

Sai zamana a jana'iza, wanda shi ya fi ƙona miki rai. Mamanki tana riƙe da hannuna, na gaya wa kaina in na tashi za ta faɗi. Haka ne. Amma ko da ba ta riƙe ni ba, ban tabbata zan tashi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zaune daidai, ƙafafunsa sukan manta. Da jama'a suka ce amin, ni ban ce ba. Na san wannan bai isa komai ba, tun da babu wanda ya ji shirun sai ni. Fitarki ta fi zamana gaskiya, kuma ban ji kunyarki ba ko kaɗan.

Rantsuwar ce ban yarda da ita ba. In kin bar ikkilisiya saboda Rabaran, kin yarda ke nan tasa ce, kin miƙa masa abin da kakanki ya sha jifa da gori a ƙauye kafin ya samu. Ba tasa ba ce. Kin ga wadda ta kwana da mamanki tun daga ranar farko, Mama Ngozi ta zumuntar mata, da Hausarta mai karyewa, tana ba ta kunu a baki kamar jaririya. Ga kuma 'yan ƙungiyar mawaƙa da suka ƙi rera waƙar godiya da aka shirya wa wakilan, suka tsaya da littattafansu a rufe. Wataƙila wannan ya wuce ki, kin riga kin fita. Su ma ikkilisiya ne, kuma in irinki suka fice, su za a bari su kaɗai da masu kwanon rufi.

Tsoffin masu wa'azin nan sun ce wajibi ne Kirista ya zo majami'a, ya share ta, ya gyara abin da ya lalace, kada ya bar gidan Allah ya fi rumbunsa ƙazanta. Na yarda da su har yau. Sai dai na ƙara da cewa ƙazantar da ta fi wuyar sharewa ba a ƙasa take ba. Gara mu jera bokitai a tsakanin kujeru duk damina, mu yi sujada ruwa na ɗiga mana a wuya, da mu zauna a bushe ƙarƙashin rufin da aka saya da sunan yayanki. Faɗin haka a gaban jama'a ma haƙƙin ikkilisiya ne a kaina, daidai da baikon kuɗin da nake bayarwa ranar Lahadi.

Don haka ga roƙona. In kin isa Jos, ki nemi majami'a. Ba sai irin tamu ba. Ki zauna a baya in kin so, kada ki rera waƙa in bakinki ya ƙi. Ki saurara da kunnen da Allah ya ba ki, wanda ya fi nawa kaifi. In an faɗi ƙarya, ki jira a tashi, ki sami mai wa'azin ki gaya masa a fuskarsa cikin ladabi. In ya ƙi ji, ki nemi wata. Fushinki ki tafi da shi, ban ce ki ajiye ba, nawa ma yana nan. Ki shiga da shi ciki kawai.

Ubangiji ya kiyaye ki a hanya da masauki. Ya tsare ki daga mugun direba da mugun shugaba da mugun aboki. Ya sa hannunki ya zama sanadin warkewa, ya ba ki barci mai daɗi bayan aiki. Mamanki ta soya miki nama, yana cikin kwanon da ke kan akwatinki. Ki karɓa ko ba ki da marmari, ki kuma riƙa kiranta, muryarki kaɗai ke sa ta ci abinci.

Ga inda abubuwa suka tsaya. Na nemi dattawa su ba ni dama in yi magana a taron ikkilisiya, sun ce a jira hankali ya kwanta. Zan sake nema ranar Lahadi, in sun hana in miƙe ba da izini ba. Na kai ƙara, ba a kira mu ba tukuna, ba a kama kowa ba, ko sunan direban ba mu sani ba. Na fara fassara rabin da na bari, ban yi nisa ba, idona ba ya jure karatu kamar dā. An sauke kwanon rufi a harabar majami'a, ba a kafa ba, ba a kuma mayar ba. Ban yafe wa Rabaran ba. Ina addu'a in iya, amma ban iya ba tukuna. Ke ma ban nemi gafararki baki da baki ba. Zan kasance a tsakar gida gobe kafin ki fita.

Mahaifinki